Yadda Na Kashe Sana'o'in Layinmu

Ranar da na zaga da 'yata Auta layinmu don ta zaɓi sana'a, ranar na rasa ta.

Ta gama sakandare, yayyenta duk sun watse, uwarsu kuma ta riga mu gidan gaskiya. Saura ni da ita da littattafaina, waɗanda ba sa dafa shayi, ba sa kuma amsa sallama. Dabarata mai sauƙi ce: in nuna mata aibin kowace sana'a har ta ga zama kusa da ni ya fi.

Muka fara da tela, wanda shagonsa ke jikin katangarmu. Yana duƙe a kan keke, zare a baki.

Na ce, "Dube shi da kyau. Ɗinki yana son ido, da haƙuri, da iya cewa gobe ba tare da kunya ba. Ladansa doro."

Tela bai ɗago ba ya ce, "Malam, ina jin ka fa. Wandonka ma sai gobe."

"Kin ji ko?"

A kemis na ce mata nan ana neman mai karanta rubutun da likitan da ya yi shi ma ba ya iya karantawa. Tsayuwa tun safe, kowa ya shigo da tarinsa ya bar miki rabi.

Muka leƙa wurin mai kitso, na ce, "Wannan kuma yatsu masu ƙarfi da kunne mai faɗi. Za ki san wanda zai yi saki tun kafin matarsa ta sani."

Mai kitso ta soke tsinke a kan wata ta ce, "Baban Auta, naka labarin ma yana nan, mai saurare ne babu."

Koyarwa kuwa tawa ce, ban raga mata ba. Na ce aiki ne da ake durƙusa maka a hanya, a manta da kai a ofis.

Auta tana ta gyaɗa kai. Da na tuna, haka uwarta take gyaɗa kai idan ta riga ta gama shawara.

Da muka koma gida ta zuba min shayi ta ce, "Baba, na gode, ka sauƙaƙa min. Zan shiga makarantar koyon gyaran injin jirgin ruwa."

"Jirgin me? Me kika sani a kai?"

"Na dai san ba ka faɗi aibinsa ba. Duk abin da ke layin nan ka kashe shi, ka ga sai in nema a waje."

Na karanta littattafai a kan teku fiye da yadda ya kamaci mutumin da bai taɓa ganinta ba. Amma na riga na ƙarar da dafina a kan maƙwabta. Na buɗe baki, sai shayi ne ya shiga.

Ranar tafiyarta na raka ta tasha da magana shirye a bakina. Direba ya danna ham, ta leƙo ta taga tana dariya.

"Baba, kar ka manta, wandonka gobe ne."

Mota ta tashi da ita, maganar ta tsaya da ni: Auta, ɗinki ba shi da aibi ko ɗaya, kuma shagon a jikin katangarmu yake.