Ɗigon Tasi'u a Bayan Tasha

Alhaji Abdulƙadir ya dangwala yatsa a fuskar wayarsa har sai da farcensa ya yi ƙara.

"Matso, Habibullah. Wannan ɗigon ba na ƙanenka ba ne?"

Nasa ne kuwa. Shuɗin ɗigo zaune daram a bayan tashar Bagwai, inda kowa ya san matasa ke taruwa suna kwankwaɗar maganin tari. Tasi'u yana tsugune a bakin ƙofar ofis, hula a hannu, dusar kaji har a girarsa.

Tun ranar da Alhaji ya ji ana iya bin sawun mutum ta waya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce duk ma'aikacin gonar kajinsa sai an sa masa manhajar a waya, wai don ya san inda kekunan ƙwai ke bi. Habibullah ne manaja, shi ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta Tasi'u ma ce masa ya yi zai gyara masa WhatsApp. Wayar kuwa ba ta gona ba ce, da albasar da ya noma da rani ya saye ta. Manhaja ba ta san an tashi aiki ba, Alhaji ma bai ga dalilin kau da ido ba. Yadda wasu ke kallon ƙwallo, haka yake kallon ɗigon mutane.

"Wallahi Alhaji caji nake kaiwa," in ji Tasi'u. "Ƙauyenmu ba wuta. Wurin mai caji nake barinta in wuce gida, da safe in ɗauka."

"Kullum?"

"Kwanan nan ba ta riƙe caji ne, Alhaji."

Habibullah ya san abin da ke shanye cajin, shi ya sa shi da hannunsa. Ya kuma san rumfar mai cajin sarai, mai jan janareta a gindin darbejiya.

Alhaji ya juyo wajen Habibullah. "Kai ɗan gari ne. Akwai mai caji a wurin? Amma ka sani, wanda ya rufa wa ɗan ƙwaya asiri, tare za su fita."

Habibullah ya tuna matarsa da ke wankan jego. Ya tuna ɗakin manaja mai fanka.

"Ban tabbata ba, Alhaji. Na daɗe ban bi ta wurin ba."

Alhali shekaranjiya ma ya bi ta wurin. Tasi'u ya ɗago ya dube shi sau ɗaya, ya ajiye mukullin keke a kan tebur, ya sa hularsa.

*

Labarin ya riga su isa gida. Ba a ce an kori Tasi'u kan zargi ba, cewa aka yi na'ura ta kama shi, na'ura kuwa a wurin mutanen ƙauyen ba ta ƙarya. Abokan noman rani suka fara ja baya. Mahaifiyarsu Inno ta birkice ɗakinsa har ƙarƙashin katifa tana neman kwalabe. Da ba ta samu ba, ta ce ai masu yi sun iya ɓoyo.

Ranar Juma'a Habibullah ya zo da niyyar faɗin gaskiya. Tun a kan babur yake jera maganar, kunya tana cinsa. Ya tarar da Inno a gindin rumbu, idanunta sun kumbura, ƙwarya a gabanta cike da rubutun da ta karɓo daga wurin malam.

"Yauwa, Allah ya kawo ka," ta ce. "An ce da ba don abin da ka sa a wayarsa ba, da har yau muna cikin duhu. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kai ne ubansa yanzu, kai za ka ba shi da hannunka."

"Inno, ai maganar..."

"Ka bari. Na san da zafi, ɗan'uwanka ne."

Ta ƙwala wa Tasi'u kira. Ya fito ya durƙusa. Ya rame, amma idonsa fari tas, irin na wanda ko taba bai taɓa sha ba. Habibullah ya karɓi ƙwaryar, baƙin ruwan ya ɗan zubo masa a yatsu. Ya miƙa wa Tasi'u.

Tasi'u bai yi musu ba, ba a yi masa tarbiyyar musu da uwa ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismilla, ya shanye tas. Sannan ya goge baki, ya miƙa wa yayansa ƙwaryar.

"Na gode, Yaya," ya ce.

Inno ta shafa addu'a. Habibullah na tsaye da ƙwarya a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.