Zaitun Radojka a Gonar Vukota

Ranar auren Radojka, ubanta bai ba ta ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Ƙasa ta maza ce. Itacen zaitun guda ya nuna mata a tsakiyar gona, ya tsaga alamarta da wuƙa a kututturen. Haka ake yi a ƙauyukan bayan garin Bar na bakin teku: ƙasa da mai ita, itace da mai shi, kuma mai itace yana da hanyarsa, faɗin jaki da kaya.

Maslina suke ce wa itacen, daga kalmar man girki a yarensu aka ciro sunan. Ita kuwa ba ta taɓa sayen mai a kanti ba, ba kuma da furfura za ta fara ba.

Sai Vukota, ɗan wanta, ya gaji gonar. Ba kunya ya zagaye ta da waya, ya danna kwaɗo, wai zai gina ɗakunan haya na masu zuwa wankan teku.

Da zaitun ya nuna, Radojka ta koro jakinta, ta ari almakashin ƙarfe, ta datse wayar daidai tsohuwar hanya. Vukota ya iske ta ta shimfiɗa raga tana kaɗa rassa da sanda.

"Haba Gwaggo, wannan ai ɓarna ce. Da kin yi magana da na kawo miki man Italiya har gida."

"Sha abinka. Bara na zo yi?"

"Gonata ce fa."

"Na taɓa maka ƙasa? Ga takalmina, in ta manne karkaɗe abarka. Ubanka da ya fi ka baki, nan yake tsayawa ya riƙe min jaki."

"Zan kira 'yan sanda."

"Ka ce su zo da buhu. Hannu nake nema."

Matan unguwa sun riga sun taru a bakin shinge. Kowacce tana da itace a gonar wani, sun kuma san in wannan kwaɗo ya zauna, gobe nasu ne. Milosava, matar mai injin matsar man zaitun, ita ta fara kutsowa da ragarta a kafaɗa. Sauran suka biyo. Vukota ya tsaya hannu a aljihu, ya rasa wadda zai fara kora.

Da la'asar aka labta wa jaki kaya, buhu ya maƙale a ɓarakar wayar. Radojka ta auna da ido, ta ƙara datse wayar.

"Faɗin jaki da kaya," ta ce masa. "Nan za ka sa ƙofarka. Ban da kwaɗo."