Tsuntsun da Ya Hana a Ƙirga Shi

Da Empiang ta dawo daga birnin Kuching da digirinta na ƙididdiga, sai ka ce gwamna aka naɗa mana a dogon gidan da duk ƙauyenmu ke zaune a ciki. Ni gwaggonta ce, kuma ban ɓoye fahariyata ba.

Ofishin gandun daji ya ba ta aikin gano ko har yanzu akwai tsuntsun ketupong a dajinmu. In ya ƙare, za a ce dajin ya gaji, a miƙa wa masu yankan katako. Ta tsara hanyoyi, ta ɗauki kawunta Unggat da mutanensa su riƙa bi da safe suna neman tsuntsun. Ta ja musu kunne cewa hanyar da aka bi har ƙarshe kaɗai take son labarinta, rabin tafiya ɓata lissafi yake.

Damina ta wuce, ba ketupong ko ɗaya a lissafinta. Yarinya ta rame, ko kazar da na dafa mata a cikin gora sai ta ture. Ƙarya dai ba za ta rubuta ba, ga shi hannunta ne zai sallama dajin da ta girma a ciki. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Ran nan ba ta zauna gaban kwamfutarta kamar kullum ba, tana baranda tare da ni, sai ga su Unggat sun dawo tun raɓa ba ta bushe ba.

"Kawu, lafiya? Har kun gama?"

"Ina fa! Ko rafi ba mu tsallake ba ja'irin ya yi kuka."

"Wane ja'iri?"

"Ketupong mana. Wa zai ci gaba da tafiya bayan ya yi gargaɗi? So kike itace ya faɗo mana a ka?"

Empiang ta miƙe a hankali. "Kawu, kullum haka kuke yi?"

"Kusan kullum. Ya addabe mu, 'yar nan. Ko'ina muka sa ƙafa yana nan."

"To, me ya hana ku faɗa mini?"

"Ba ke kika ce ba kya son rabin tafiya ba? Mu kuwa ranar da ya yi shiru kaɗai muke kaiwa ƙarshe."

Ta dafe kai, ta kece da dariya har ta zauna daɓas. Ita ma fa 'yar gida ce, ta san sarai cewa a al'adarmu in ketupong ya yi kuka juyawa ake yi, boko ne ya sa ta manta.

"Daga gobe, duk inda kuka juya, ku zo ku gaya mini. Shi ne aikin."

Unggat ya dube ni. "Kin ji, Yaya? Karatu ya ce wanda ya fasa aiki shi ya yi aiki. Da na sani da na shiga makaranta."

Ta sake lissafi daga farko, ketupong ya cika ko'ina. Ranar da saƙo ya zo cewa masu katako ba za su shigo ba, ana ta buga ganga a dogon gida, Empiang ta sauka bakin rafi ta yi kukan da ta riƙe tun damina. Ba wanda ya ce ta yi shiru.