Maɗaurin Ƙafar Direba

Wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, shagon dukancinsa ya dawo hannuna. Ni ce babbar 'yarsa, ni kaɗai na koyi ɗinkin fata a wurinsa. Ɗinkin kawai na koya. Abin da ke cikin keken ɗinkin kuwa, shi kaɗai ya san shi. Kullum da safe nakan turo shi a kujera mai taya in ajiye shi kusa da ƙofar shago. Hannun damansa ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke, amma hankalinsa garau yake.

Ran nan da hantsi Direba ya shigo yana dogara sanda. Tsohon abokin Baba ne, ya rasa ƙafar hagu a hatsarin mota tun ina ƙarama, yanzu gadi yake yi a wata ma'aikata. Ya gaishe da Baba, ya zauna a benci, ya kwance ƙafar robar ya miƙo mini.

"'Yata, maɗaurin ne ya tsinke. Ƙarfe biyu nake karɓar aiki. Taimaka mini, kada a ce mai gadi ya zo da ƙafarsa a hammata."

Na yi dariya na ce, "Haba Kawu, ai kafin ka gama ba Baba labari na gama."

Na yanko fata mai kauri, na ninka ta biyu, na hau keke. Tun daga ƙarar na ji da matsala. Da na ɗaga, sai na ga ɗinkin kamar tafiyar mai maye: nan dogo, nan ƙanana cunkushe wuri ɗaya, can kuma allura ta tsallake. Na juya bayan fatar, zare ya yi kumbo-kumbo. Fata kuwa ba yadi ba ce, ramin da allura ta huda ba ya toshewa. Wannan maɗauri ya tashi aiki.

Na zare zaren na sake saka shi daga farko. Na canza allura. Na ciro kwarkwaron zaren ƙasa na sake naɗe shi, na share ƙurar da ta taru a ƙasa, na ɗiga mai. Na ƙara wa zaren sama ƙarfi, na rage masa. A kan guntun fata mai laushi ɗinki ya fito sumul, har na yi ajiyar zuciya. Ina sa maɗauri na biyu, ya koma gidan jiya.

Saura fatar maɗauri ɗaya tak. Na kira mai gyaran keke. Yana cikin mota, da ƙyar nake jin sa.

"Kin canza allura?"

"Na canza."

"Kwarkwaro fa?"

"Malam, duk na yi."

"To, sai na gani da idona. Jibi in Allah ya yarda."

A nan ne Baba ya fara gurnani. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna keken. Na matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa teburin.

"Nan ne, Baba?" Na taɓa wurin ɗaure zare. Ya girgiza kai.

"Nan?" Na taɓa ƙarfen da ke danne fata. Ya girgiza, ya kuma gyaɗa, na rasa wanne zan ɗauka.

Direba ya ce, "Ba shi biro mana."

Na ba shi biro da kwali. Bai taɓa rubutu da hagu ba. Ya daɗe yana fama, abin da ya fito bai wuce zanen kaza a ƙasa ba. Ya buɗe baki, kalma ɗaya ta tsaya masa a maƙogwaro, miyau ya zubo a rigarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kwance keken nan yana mayar da shi ido rufe ke nan. Ya bugi hannun kujera sau biyu, sai hawaye. Direba ya mayar da fuskarsa titi, ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba.

Na goge wa Baba baki na ce, "Bar shi, Baba, na gane." Ban gane komai ba, shi ma ya san haka.

Na sauko daga keke, na ɗauko basilla da zare mai kakin zuma, na zauna a ƙasa. Huda ɗaya, ɗinki ɗaya. Fatar ta yi tauri, basilla ta kuɓuce ta soke ni a babban yatsa, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Ƙarfe biyu ta same mu ko rabi ban kai ba. Direba ya kira abokin aikinsa ya roƙe shi ya ɗan riƙe masa. Ina jin muryar mutumin yana faɗa ta cikin wayar, Direba na ta cewa, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, yanzun nan."

Sai wajen uku da rabi na gama. Ya ɗaura, ya miƙe, ya taka sau uku a cikin shago.

"Ya yi, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ya dafa kafaɗar Baba, ya fita da sauri iya ƙarfinsa.

Mai gyara bai zo jibin ba, sai bayan kwana biyar. Ya buɗe keken ya ce haƙoran da ke jan fata ne suka cinye, kuma irin na wannan tsohon keke sai an aiko daga nesa. Na tambaye shi yaushe, ya ce shi ma bai sani ba. A makon nan mutum biyu na mayar musu da aikinsu, ragowar kuma da basilla nake yi.