Turken Da Yaya Ya Matsar

A gida Auta ake ce mata, don daga kanta Inna ba ta sake haihuwa ba. A ofishin safiyo kuwa, inda ta daɗe tana aiki, ita ce mai kula da turaku. Turke a wajensu guntun kankare ne da ake binnewa a ƙasa, kansa a waje, da ƙusar ƙarfe a tsakiya da lamba a gefe. Daga kan ƙusar nan ake auna filaye. In ta gusa, iyakar kowa a layin ta gusa.

Dokar gari a kan turaku ba ta da wuyar ganewa. Duk mai son yin haƙa kusa da turke sai ya fara sanar da ofis. Ofis ya aiko a kewaye turken da katako, a ɗaura jan ƙyalle, a kafa alamun shaida can gefe inda aiki ba zai taɓa su ba. In ya zama dole a cire shi, safiyon ofis ne kaɗai zai cire, shi ne kuma zai mayar. Auta ta maimaita wannan magana ga magina da 'yan kwangila har bakinta ya gaji.

Wata safiya wani kafinta ya faɗo ofis ko sallamar kirki babu, garin katako har a gashin girarsa. Ya ce wani sabon gini ya cinye masa rabin lungun da yake shigar da katako shagonsa. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, maƙwabta biyu a ƙasan layin sun ba hamata iska har an fasa wa ɗaya baki, saboda an zo auna filin ɗayansu, awon ya faɗa cikin tsakar gidan ɗayan. Auta ta ɗauki na'urar awo mai ƙafa uku, ta sa direban ofis a gaba, suka bi kafintan.

Tun daga bakin layin ta hango allon kamfanin da ke ginin. Kamfanin yayanta ne, babban wansu, wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinsu. Jerin shaguna yake gina wa wani, an gama harsashi, bulo ya kai ƙugu. Ta ce a ranta bari dai ta duba, wataƙila kafintan ne ya cika baki.

Turken na nan a kusurwar ginin, amma ko makaho ya shafa ya san an taɓa shi. Simintin da ke gindinsa sabo ne fil, har da sawun cokalin birkila a jiki. Lambar da ya kamata ta kalli titi ta juya tana kallon bango. Auta ta kafa na'urarta a kan wani turken da ke bakin layin, direba ya riƙe mata sanda, ta leƙa, ta sake leƙawa. An matsar da shi ya fi taku guda, kuma zuwa cikin lungun kafinta aka matsar.

Kafinta na tsaye ya harɗe hannu a ƙirji. Ya ce, “Malama, ni fa na san wahalar banza na ba ki. Ba abin da za ku yi wa ɗan kwangilar nan.”

“Saboda me?”

“Ƙanwarsa a ofishinku take. Ranar da katafila ta tumɓuke dutsen nan, na yi magana. Da bakinsa ya ce mana, gaban leburorinsa da mutanen layi, ƙanwarsa ce ta zo da kanta ta nuna inda za a mayar da shi. Ya ce wanda bai yarda ba ya je ya tambaye ta.”

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ɗago daga kan na'urar a hankali, ta ce, “Ni ce ƙanwar tasa.”

Kafintan ya dube ta sama da ƙasa, ya yi wata dariya marar daɗi. “To madalla. Wadda ta yi ɓarnar ita aka turo ta duba ɓarnar. Allah ya isa tsakanina da ku.” Ya juya ya shige shagonsa, sai ƙarar zarto.

Ba ta gama naɗe ƙafafun na'urar ba motar Yaya ta tsaya. Ya fito da waya a kunne, yana ganinta ya washe baki. “A'a, Autar Inna! Yau ke ce a wajen namu? Ku kawo mata kujera mana.”

“Yaya, yaushe na zo nan na nuna maka inda za a sa turke?”

Murmushin ya ɗan rage. Ya kashe wayar, ya ja ta gefe bayan tulin yashi. “Ke, rage murya. Wane irin abu ne wannan gaban yara?”

“Gaban yaran ka kira sunana. Gabansu za ka ba ni amsa. Yaushe na zo?”

“Haba Auta, magana ce kawai ta kashe wuta. Mutumin nan ya tara mini jama'a, ga mai gini yana ta kirana, ga siminti an kwaɓa. Direban katafila ne ya yi gangancin, ni kuma na sa aka mayar. Dutse ne fa, ba a sace shi ba, ga shi nan.”

“Da me ka auna da ka mayar?”

“Shekara nawa ina gini? Idona ya fi tef.”

“Idon naka ne ya kai shi cikin lungun mutum? Me ya sa bai kai shi cikin filinka ba?”

Yaya ya sha mur. “Ke, ni kike yi wa wannan tsawar? Ni da na goya ki? Da na je ofishin naku, da yanzu ina can ina zirga-zirga, yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce mota ba mai.”

“Da ka kira ni a waya, da ni zan bi maka sawu har a zo a kafa shaida. Ba ka kira ni ba sai da kake neman wadda za ka shafa wa kashin kaji. An fasa wa mutum baki a layin nan saboda turken da ka dasa da ido, kuma kowa na cewa ni ce.”

“To yanzu me kike so? Ki gyara a takardarku, magana ta wuce. Wa zai sani?”

Auta ta dube shi, idanunta sun kaɗa. Ta buɗe bayan motar ofis, ta ɗauko gwangwanin jan fenti da buroshi, ta je jikin bulon da ke kusurwa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa a dakatar da aiki. Fentin na zuba a takalminta. Leburori suka ajiye kwanukan kai suka yi cirko-cirko. Yaya ya bi ta da ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

Kafin ta isa ofis kiran Inna ya shigo. Ba gaisuwa. “Ki zo ina nemanki.”

Ta sami Inna a ɗakinta zaune a bakin gado, fanka na juyawa, Yaya a kan kujera ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya riga ta zuwa, ya kuma riga ta ba da labari.

“Auta, ashe har kin yi girman da za ki tozarta wanki a bainar jama'a?” in ji Inna. “A kan dutse? Wanda ya ɗauke ki ya kai ki makaranta shi za ki fara gwada wa fentinki? Ki koma ki goge, tun raina bai ƙara ɓaci ba.”

“Inna, ba zan iya gogewa ba.”

“Ni kike ce wa ba za ki iya ba?”

“Ya gaya miki abin da ya ce wa mutanen layin?”

Inna ta waiwaya wajen Yaya. Shi kuwa ya tsura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta.

Auta ta durƙusa gaban gadon. Ta zayyana mata komai: katafila, sabon siminti, lungun kafinta, mutumin da aka fasa wa baki, da ƙaryar da aka jingina mata. “In maganar nan ta isa kunnen Darakta ta bakin wani, aikina ya tafi, kuma da sunan maciya amana zan fita. Duk safiyon da ya taɓa turke a ɓoye ba ya sake riƙe na'ura. Yaya ya sani. Ya san haka ya kira sunana.”

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, abin da take yi ke nan in ranta ya kai maƙura. “Babba, gaskiya ne?”

“Inna, ai magana ce ta…”

“Na ce gaskiya ne?”

“Na faɗa. Amma ban yi zaton…”

“Rufe mini baki! Ka zo ka zauna mini a nan kana marairaicewa, wai ƙanwarka ta ci maka mutunci, ashe kai ka fara sayar da nata a titi. Ƙato da kai, da furfura a gemu, ka rasa bayan da za ka ɓuya sai na autata? Tashi ka ba ni wuri.”

Yaya ya sa hularsa a karkace ya fita. Inna ba ta ce wa Auta ta yi daidai ba. Cewa ta yi, “Ke ma da kin kira ni kafin ki ɗauko fentin, da ban ji a bakinsa ba. Tashi ki tafi aikinki.”

Auta ta wuce kai tsaye ofishin Darakta ta faɗi duk abin da ya faru, har da cewa ɗan kwangilar wanta ne. Darakta ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce tun da ta ga allon ya kamata ta juyo, ba ta tsaya awo da fenti ba. Ya ce zai ba wani safiyo aikin, ita kuma za ta ajiye na'ura ta zauna a tebur har kwamiti ya gano ko da hannunta a ciki.

Wannan zaman shi ya fi ƙona mata rai. Ita da ta saba yini a rana, sai ga ta tana jera tsofaffin taswirori a kabad. In ta shigo ɗaki hira ta mutu. Wani abokin aiki da ta taɓa kamawa da awon son rai ya riƙa wucewa ta gaban teburinta yana cewa, “Allah ya ba mu yaya ɗan kwangila.” Ta cije leɓe ta yi kamar ba ta ji ba, amma in ta koma gida ko abinci ba ya wuce mata.

Safiyon da aka tura ya tabbatar da awonta. Aka tono turken aka mayar da shi mazauninsa, aka sake auna filayen ƙasan layin, maƙwabtan nan biyu suka gane ba wanda ya ci iyakar wani, ko da yake gaisuwa ba ta dawo tsakaninsu ba. Aka ci Yaya tara, aka kuma umarce shi ya rushe bangon da ya shiga lungu har harsashinsa. Mai shagunan ya ƙwace sauran aikin ya ba wani.

Ranar zaman kwamiti Auta na zaune a gefe, ta ɗauka Yaya ba zai zo ba. Sai ga shi, Inna a bayansa da sandarta. Inna ba ta shiga ba, ta zauna a bencin baranda ta ce a nan za ta jira. Yaya ya tsaya gaban mutanen, gumi na bin wuyansa, ya ce ƙanwarsa ba ta taɓa taka wurin ba kafin ranar da ta zo da fenti, shi ya ƙirƙiri maganar. Bai dubi inda take ba, ita ma ba ta dube shi ba. Da aka tashi ya ɗauki Inna a mota suka tafi.

An mayar mata da na'urarta, amma zumunci ya yi sanyi. Matar Yaya ta daina turo yara gidan Auta. In ita da Yaya sun haɗu a ɗakin Inna, “ina wuni” ce da “lafiya”, kowa ya kama gabansa. Auta ta sha jiran ya ce mata ta yi haƙuri, ko sau ɗaya, ko a wasa. Bai ce ba.

Bayan wasu watanni tana cikin duba wani kwalbati da ake haƙawa a bayan asibiti, wayarta ta yi ƙara. Yaya ne. Ya yi gyaran murya, ya tambayi aiki, ya tambayi rana, sannan ya ce ya sami wani ɗan aikin katanga, kuma akwai irin dutsen nan nasu a bakin filin. Ko za ta ɗan leƙo ta gani?

“Ka zo ofis ka sanar,” in ji Auta. “Ƙofa ta biyu a hannun dama. Za a ba ka rana.”

“Haba Auta, ni ma sai na bi layi?”

“Kai ne ma za ka fi kowa bi, Yaya. Kuma ba ni za a turo maka ba.”

Ta ji yana huci a wayar, kamar zai ce wani abu. Sai ya ce, “Da ƙarfe nawa kuke buɗewa?”

Ta gaya masa, ta kashe wayar, ta daka wa mai katafila tsawa ya ja baya daga jikin jan ƙyallen.