Rabin Bidiyon da Bai Tafi Ba

Mai nama yana cikin yanka mata rabin kilo wayarta ta yi ƙara. Malamar kimiyya ta ciro ta da hannun hagu, ta ga saƙo ne a zauren hira na waya na 'yan aji biyar. Me-ya-sa ce, yarinyar nan ta kujerar gaba da tambaya ta jawo mata wannan suna. Ta turo hoton kofuna shida jere a kan farin tayil, da rubutu a ƙasa: ta gama gwada kowanne, yanzu za ta juye su duka a kofi ɗaya ta ga launin da zai fito.

Malama ta buɗe hoton sosai. Banɗaki ne, tagarsa a rufe. A bayan kofunan ga jarkar bilic mai faranta tufafi, ga kwalbar ruwan wanke masai.

Jiya ta raba musu takardar gwaji mai sauya launi, ta ce kowa ya gwada ruwayen da ke gidansu, ya ɗauki bidiyo ya turo. Bayanin ma a bidiyo ta yi shi, wayar ta raba shi gida biyu saboda tsawo. A kashi na biyu ne ta ja musu kunne: a yi a fili, kowane ruwa da kofinsa, kuma kada wanda ya kuskura ya haɗa bilic da ruwan wanke masai, domin iskar da ke tashi tana ƙona huhu.

Ta ja allon sama. Kashi na farko, mutum arba'in da ɗaya sun gani. Na biyu yana nan da 'yar kibiyarsa, bai taɓa barin wayarta ba.

Ta danna shi, ta rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe, ta kira Me-ya-sa. A kashe. Sai a lokacin ta tuna ita da bakinta ta ce su danna alamar jirgi kafin ɗauka, kada kira ya katse musu bidiyo. Har tafa mata suka yi saboda dabarar.

Ta bar naman ta juya da sauri, mai nama ya bi ta da kira, wai ko tukunyar ce ta tuba da cin nama. Ba ta waiwaya ba.

Shugabar aji ta kwatanta mata gidan a waya: bayan gidan mai, bene mai koren ƙofa, hawa na biyu. Lambar iyayen kuwa tana cikin rajista, rajista tana ofis, yau Asabar. Malama ta ɗare babur ba ciniki. Mai babur ya ce tunda sauri take yi ta riƙe ƙarfe da kyau, shi bai iya ɗinkin mutum ba. Danja ta tsayar da su, wata babbar mota ta toshe kwana, ita kuwa lissafi kawai take yi: faɗin banɗaki, rufaffiyar taga, minti goma sha huɗu.

Mahaifiyar ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk kumfa. Ta fara lale da malama, tana cewa ai 'yar taku tun safe ta ƙwace mana banɗaki, wai nan ne haske ya fi.

Warin ya riga ya iso falo. Daga ciki ana jin tari, siriri, ba ya tsayawa.

Malama ta daka tsawa: "Ke! Buɗe ƙofar nan!"

Sakata ce a ciki. Malama ta ja mayafi ta toshe hanci, ta kai wa ƙofar kafaɗa. A karo na uku sakatar ta ɓalle. Yarinyar na durƙushe gefen baho, idanunta jajur suna zuba, tana laluben hanya a bango. Wayarta na jingine da bokiti, tana ta ɗauka.

Suka jawo ta zuwa baranda. Malama ta sa aka buɗe tagogi, ta hana kowa shiga banɗakin, ta dinga kwarara mata ruwa a ido. Numfashin yana fita da ƙyar, da wani ɗan fito a ciki, amma yana fita.

Mahaifin ya hauro da gudu daga garejinsa na ƙasa, da baƙin mai a riga. Ya sungumi 'yarsa sai mota. A bakin motar mahaifiyar ta riƙe hannun Malama tana kuka, tana cewa Allah ne ya jeho ta, ina aka taɓa ganin malamar da za ta bar hutunta ta biyo ɗaliba gida. Mahaifin ya ce wannan ja'ira da rawar kai, bari ta warke, ita da waya har abada.

Malama ta duba tata wayar. Gargaɗin ya tafi, mutum ashirin da huɗu sun karanta. Sauran goma sha bakwai shiru, wataƙila suna barci, wataƙila sun danna alamar jirgi.

"Baban yara," Malama ta ce, "ba rawar kanta ba ce. Ni na ba su aikin, ni ce ban tura gargaɗin ba. Ku kai ta, zan same ku asibiti, duk abin da za ku faɗa mini zan tsaya in ji."

Mahaifiyar ta saki hannunta a hankali. Mahaifin ya dube ta, ya tada mota.

Mai babur na nan inda ta bar shi. Ta hau, ta kira shugabar aji, ta karanta mata suna na farko cikin goma sha bakwai, ta tambaye ta ina ne gidansu.