Kofur Wakili a Cikin Kwata

Wanda bai zauna bariki ba sai ya ɗauka Kwamanda ne abin tsoro. Ina! Sau nawa kake ganin Kwamanda a shekara? A barikin su Kofur Wakili abin tsoro shi ne littafin Magajiya Felicity, shugabar matan sojoji. Kowace Asabar da bakwai na safe takan tsaya bakin famfo da jan biro, mata su fito da tsintsiya da shebur a yi aikin tsafta. Wadda ba ta fito ba a ja mata layi. In layi ya kai uku, sunan mijinta ya hau teburin Samanja Silas, wanda kuwa shi ne mijin Magajiyar.

Hansatu, matar Wakili, tana da layi biyu. Laifinta karatu, darasi ne ya hana ta fitowa sau biyu, ga kuma wata sabuwa. Tana shekarar ƙarshe a wata kwalejin kiwon lafiya a Jikwoyi, malamansu kuma suka ga dama suka jera jarrabawar fita a Asabar huɗu, kamar ba sauran ranaku a duniya. Shi kuma Wakili shekara bakwai yana fama da igiya biyu a hannun riga, sai bana sunansa ya shiga jerin masu tafiya kwas na saje. Don murna har Hansatu ta sayo igiya uku ta saje a kasuwar mami ta bariki, ta ɓoye a gwangwanin madara.

Ranar Juma'a da yamma yana goge takalmi a ƙofar ɗaki, ta rufe littafinta ta ce, "Maigida, na fasa zuwa gobe. Na maimaita shekarar."

Su duka sun san ƙarya ne. Kafin baɗi an yi musu canjin wurin aiki, karatun kuwa a nan zai mutu. Amma Wakili ya ji wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa, sanyin mutumin da aka sauke wa kaya. Sai ya ji ƙyamar kansa. Matar da ta shekara uku tana goge masa kaki kafin ta bi motar Nyanya zuwa makaranta, ita ce zai saida saboda ƙyalle guda?

Ya ce, "Ke dai shirya jakarki. Kwatar layinmu ce rabonki ko? Zan yashe."

Kashegari da ta fita, ya sa tsohon gajeren wando da takalmin roba, ya saɓa shebur ya shiga sahun mata. Dariya ta ɓarke tun daga famfo har bayan layi. Wata ta ce a ara masa zani, wata ta tambaye shi ko ya ɗora sanwa kafin ya fito. Ya dira cikin kwatar.

Kai, ɗan Adam ƙazami ne. Baƙin ruwan ya kai masa rabin ƙwauri, kauri gare shi kamar kunun da ya kwana. Ga ƙunzugun jarirai sun kumbura, ga hanjin kaza, ga ledoji ƙulle da abin da ba a faɗa, ga mushen ɓera tsutsa na wasa a cikinsa. Duk shebur ɗin da ya ɗago sai wari ya naushe shi a maƙogwaro. Ya yi daji, ya kwana a rami, bai taɓa gamuwa da ƙazanta irin wannan ba. Abin da ya fi ƙona masa rai, masu dariyar nan su ne masu zubarwa, kuma kowaccensu yana iya nuna ledar ƙofarta.

Magajiya ta iso da littafinta, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Kofur, ina matanka?"

"Tana jarrabawa, Mama. Ga aikinta ina yi."

"Wannan littafi na mata ne. Babu wurin miji a ciki. Ko ka canza suna ka zama Hansatu?"

"Mama, kwatar kike so a yashe ko Hansatu kike so ki gani?"

Ta ce, "Dukanmu mun yi wannan kwata. Ita ta fi mu ne don tana riƙe biro?" Ta buɗe littafin a gabansa, ta ja layi na uku a hankali, har da gyara shi.

Ana cikin haka sai ga Samanja ya ɓullo zagayen duba aiki, kaki ya sha sitaci, takalmi kana ganin fuskarka a ciki. Ya tsaya daidai bakin kwatar ya daka tsawa, "Kofur Wakili!"

To, jikin soja ba ya shawara da ƙwaƙwalwa. Shekara goma sha ɗaya ana koya wa ƙafar nan abu ɗaya in babba ya kira suna. Wakili ya ɗaga gwiwa ya buga ƙafa da ƙarfinsa duka, ya ƙame. A cikin kwata.

Baƙin ruwan ya tashi ya wanke Samanja daga takalmi har haɓa. Magajiya ta samu nata a zani da littafi, wani abu mai kama da hanjin kaza ya maƙale mata a gyale. Bariki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙudaje.

Samanja ya share haɓarsa, ya dubi hannun, ya tofar da yawu. Bai ɗaga murya ba. "Kwas ɗin saje, manta da shi. Tunda kana son kwata, ta zama naka. Kowane Asabar, kai kaɗai, har ruwan sama ya ɗauke."

"Yessa!" in ji Wakili, yana ƙame har yanzu, ruwan na gangara masa a wuya.

Da Samanja ya juya, Wakili ya dubi Magajiya ya ce, "Mama, kin ji oda. Kwatar layinmu tawa ce. Hansatu ba ta da rabo ranar Asabar ke nan."

A bariki ko matar Samanja ba ta gyara odar Samanja a bainar jama'a. Ta ja tsaki ta wuce tana yarfe littafi.

Da la'asar Hansatu ta dawo da fara'arta, ta same shi bakin famfo yana wanka na uku da sabulun wanki. Tun daga ƙofar bariki aka ba ta labari, fara'ar ta ƙarfin hali ce. Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madarar, ta tsaya riƙe da shi, hawaye na zuba.

"Shekara bakwai, Maigida."

"Kar ki matso, har yanzu ina wari," ya ce. "Yaya jarrabawar?"

"Na amsa duka."

"Saura nawa?"

"Uku."

Ya sake cika bokiti. "To mai da gwangwanin inda yake, ƙyalle ba ya ruɓewa. Ki ɗauko littafinki. In kin fita Asabar mai zuwa, ki bar mini shebur a bakin ƙofa."